Ƙafar Baba Direba

Shekarar da kuɗin mai ya fara ambaliya, gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, ni ma na shiga sahun masu mota. Malamin gona ne ni a Birnin Kudu a lokacin. Aikina zagaya ƙauyuka, su Sundimina da Unguwar Ya, ina koya wa mutanen da suka gaji noma tun kaka da kakanni yadda ake noma. Shekara bakwai na yi ina wannan aiki a kan keke, bakin wandona a ɗaure da igiya kada sarƙa ta cinye shi. Ranar da na shigo gari da mota, fara sol, sabuwa dal, ko ledar kujeru ban cire ba, sau uku na bi ta bakin kasuwa, alhali gidana ba ta can yake ba.

Kafin wata huɗu na zama masanin mota. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Akwai wani ɗan littafi na Turanci da ya zo da motar, na haddace shi kamar zan shiga jarrabawa, duk wanda ya yi gangancin tsayawa mu gaisa sai ya sha karatu a kan iskar taya da ruwan lagireto. Matata ma sai da ta roƙe ni in riƙa bari ta gama tuƙa tuwo kafin in fara.

Muna da majalisa a gindin wata darbejiya kusa da tasha, bayan la'asar. Masu mota a garin ba su da yawa, duk mun san juna, mukan jera motocin hancinsu na kallon titi don masu wucewa su ƙaru. Mu uku ne masu iri ɗaya: ni, da hedimasta, da wani Alhaji mutumin Gwaram mai fataucin shanu, wanda yakan shigo Birnin Kudu sau biyu ko uku a mako. Shi Alhajin wata iri daban ya yi niyyar saya. Ni na hana shi. Na zaunar da shi na yi masa wa'azi a kan irin tawa, na ce ƙarfenta ba ya tsufa, birkinta in ka taka ko a bakin rijiya kake za ta tsaya. Ya ce tunda malami ya faɗa, shi ke nan. Ya je Kano ya ɗauko tasa, shuɗiya.

Alhaji ba ya tuƙi. Yana da direba, wani dattijo mutumin Unguwar Ya da kowa ke kira Baba Direba. Tun kafin a samu 'yancin kai yake jan manyan motocin gyaɗa, sai da gwiwa ta fara damunsa ya sauko zuwa ƙaramar mota. Mutum ne marar yawan magana, ba shi da gida mai kwano, ba shi da shanu, abu ɗaya ya tara a duniya kuma kowa a tasha ya san shi da shi: tunda ya fara riƙe sitiyari bai taɓa taka ko kaza ba. In masu manyan motoci za su yi wa direbobinsu faɗa, da sunansa suke yi. Ba ya zama a tabarmarmu. Yana da wani dutse kusa da motar, nan yake zama da tsummansa a kafaɗa, yana jin duk abin da muke faɗa game da mota, bai taɓa gyara mana ko ɗaya ba. Yanzu da nake tunawa, haƙurin da mutumin nan ya yi da mu ya isa a ba shi lambar yabo.

Sau ɗaya ya taɓa tare ni da magana. Ya rage murya ya ce motar Alhaji in ta yi zafi, totur ɗinta yana nauyin dawowa, kana ɗaga ƙafa sai ya yi kamar yana shawara kafin ya biyo ka, ko tawa ma tana yi? Tana yi. Na lura tun tuni. Amma sai na dafa kafaɗarsa, mutumin da ya girmi babban yayana, na bayyana masa cewa motocin zamani ba irin akwalar da ya saba da ita ba ce, sabunta ce kawai, za ta saki. Ya ce to, Malam, Allah ya ƙara sani.

Ana gab da faɗuwar damina wata takarda ta zo wa duk mai irin motarmu. Tawa ta same ni a ofis. Na karanta, na sake karantawa. Kamfanin da ya ƙera motar ne ya rubuto ta hannun dillalansa na Kano. Bayan gaisuwa, suka ce sun gano cewa a wasu motocin irin namu wayar totur takan maƙale in inji ya yi zafi, mota ta ci gaba da gudu ko da direba ya ɗauke ƙafa. Suka ce kuma akwai wani bututun man birki da aka bi da shi kusa da zafin inji, yakan yi laushi, a taka birki ya tafi ƙasa babu komai. Suka roƙi kowa ya kai tasa Kano a canja kayan kyauta, amma saboda yawan motoci za a bar ta wajen mako uku.

Kana tsammani maganar birkin ce ta tsaya mini a rai? Ina! Mako ukun nan ne. Mako uku a kan keke, a garin da na zagaya kasuwarsa sau uku. Ga damina ta zo, lokacin da nake shiga ƙauyuka kullum. Na hango kaina da igiya a bakin wando, mutanen Sundimina suna tambayata lafiya, ina motar. Sannan ga Alhaji, wanda na yi wa rantsuwa da bakin rijiya. Na ninke takardar na jefa a kwandon shara, na ce ai wasu motocin suka ce, ba duka ba.

Bayan kwana biyu sai ga Alhaji a majalisa da tasa. Baba Direba ne ya karɓo masa ita a gidan waya, bayan ya gama duba baƙin mai, har babban yatsansa ya bar tambari baƙi a kusurwar ambulan ɗin. Alhaji ya miƙo mini, ya ce a karanta masa, shi da boko sai dai gaisuwa daga nesa. Na buɗe. Na gyara murya. Na fassara gaisuwar tiryan-tiryan, har da inda suka ce suna alfahari da mu. Da na iso tsakiya sai na yi tsalle kamar mai tsallake kwata, na dira a ƙarshe. Na ce suna so ne a kai motocin Kano su ɗan dudduba, wai ko akwai 'yar matsala, kyauta, amma za su riƙe mako uku.

Na saci kallon hedimasta, don na san shi ma tasa ta zo, kuma Turancinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa.

Alhaji ya yi dariya har haƙorinsa na Makka ya haska. Ya ce shi a kara ya girma, wato kasuwar shanu, kuma a kara in an yi ciniki, an sallama, igiya ta bar hannun mai ita ta shiga naka, magana ta ƙare. Mai saniya ba ya biyo ka gida ya ce ka san kuwa saniyar nan tana tari, kawo in yi mata magani kyauta. In ka ga ya biyo ka, to ɗayan biyu ne: ko ya gano tana da ciki, ko shanu sun yi tsada. Ya tambayi majalisa, motoci sun tashi ko ba su tashi ba? Aka ce sun tashi. Ya tafa hannu ya ce to kun gani.

Nan fa kowa ya samu abin faɗa, har da waɗanda ko keke ba su da shi. Wani ɗan kwangila ya ce ya san abin da za su yi, za su kwance kayan asali na ƙasar waje su ɗaura na banza, su sayar da namu ga masu sabon kuɗi. Wani ya ce a'a, injin ma za su ɗauke ɗungurungum. Wani ya ce ai in ka sa hannu a takardarsu ka amince motarka mai aibi ce, ranar da za ka sayar ko kuɗin jaki ba za ta yi ba. Aka daɗe ana juya kalmar kyauta, aka rasa wanda ya taɓa ganin ɗan kasuwa ya yi ta ba tare da ƙugiya a ciki ba. Ni kuwa da ya kamata in yi shiru in ji da kunyata, sai na fi kowa zaƙewa. Na ce mota ba ta da rai balle ta yi niyya. Ƙarfe ba ya gudu sai an taka shi. Duk motar da ka ji an ce ta gudu da kanta, a duba ƙafar direba. Wallahi na ji daɗin maganar nan da ta fito, aka yi ta gyaɗa kai, ɗan kwangila har ya maimaita ta.

Ana shirin tashi sallar magariba Baba Direba ya matso daga kan dutsensa, ya ɗan rusuna.

"Malam, ba su ambaci totur ba a ciki?"

"Babu," na ce.

Ya ce to, ya koma ya buɗe wa Alhaji ƙofa. Alhaji ya ce in riƙe takardar, in ba uwargida ta hura wuta da ita. Na jefa ta a aljihun gaban motata, na manta da ita, ko in ce na yi ƙoƙarin mantawa.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Gero ya kai gwiwa lokacin da abin ya faru. Ba na wurin, amma na ji labarin daga baki ya fi goma, kuma ban da ƙarin gishiri duk sun haɗu a kan abu ɗaya. Ranar kasuwar Gwaram ce. Sun taso daga Zandam da rana tsaka, inji ya yi zafi, Alhaji yana baya yana gyangyaɗi. Suna gangarowa wajen shiga kasuwa sai mota ta ɗauki gudu da kanta. A gabansu mata masu nono ne jere a bakin hanya da ƙorensu, bayansu kuma cincirindon masu awo. Baba ya taka kuloci, inji ya yi wata irin ƙara da duk kasuwa ta ji, amma mota ta riga ta samu gangara. Ya taka birki, birki ya tafi ƙasa. Sai ya karya kan motar, ya bi ta cikin wata rumfa da mai ita ya tafi salla, ya je ya rungumi katangar wani kango. Ko ƙwarya ɗaya ta nono ba ta zube ba. Gaban mota ya lotse, Baba ya fasa goshi, Alhaji ya daki bayan kujera, haƙorin Makka ya fita. Aka ce sai da aka tara mutane suna tona ƙasa kafin a same shi.

Da a ce an yi adalci, da matan nan sun yi masa guɗa. Amma ƙarar injin nan ita ta kashe shi. Kowa ya ji ta, kuma kowa ya san inji ba ya kuka haka sai an danne totur. Kafin la'asar labari ya iso Birnin Kudu a shirye: tsoho ya rikice, ya taka totur a maimakon birki.

Bayan kwana uku aka yi zama a majalisa, Alhaji da leɓe a kumbure, yana magana yana kare baki da hannu. Baba ya zo da filasta a goshi. A karo na farko ya tsaya a bakin tabarmarmu. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce ƙafarsa ta dama tana kan birki tun daga kan gangara har katanga, totur ne ya ƙi dawowa, kuma ya taɓa faɗa wa Malam cewa yana nauyi. Ya juyo ya dube ni. Duk majalisa ta juyo.

Takardar tana cikin motata, taku goma daga inda nake zaune. Ina ganin motar. Na san ko wane layi zan karanta. Amma in na ɗauko ta, sai in faɗi dalilin da ya sa ban karanta layin ba tun farko, a gaban mutumin da haƙorinsa ke ƙulle a ƙyalle cikin aljihu. Na ji tsoro, ba wani suna da zan ba abin. Sai na ce e to, ya taɓa faɗa mini, amma kowa ya san shekaru in sun taru, tsakanin kai da ƙafa yakan yi nisa. Ɗan kwangila ya ce ƙwarai, ai Malam ya riga ya faɗa, ƙarfe ba ya gudu sai an taka shi. Hedimasta ya cire tabarau.

Alhaji ba azzalumi ba ne, kada a ɗauka haka. Ya sallami Baba cikin mutunci, da buhun gero da sabuwar riga, ya ce ya je ya huta, ya yi wa mota hidima iyakar yi. Sai dai Baba ba hutu yake nema ba. Ya yi ta zuwa tasha da sassafe, lasin ɗinsa a aljihu, yana gaida masu motocin da dā suke yi wa direbobinsu faɗa da sunansa. Kowa ya amsa gaisuwa da kyau, ba wanda ya miƙa masa makulli. 'Yan kamasho suka laƙaba masa Baba Totur, in ya wuce sai wani ya yi ƙarar inji da baki. Daga baya ya daina zuwa. Aka ce ya koma Unguwar Ya, yana noma 'yar gonar gado.

Ni kuma na koma tuƙi ba takalmi, babban yatsana a shirye ƙarƙashin totur. Na ce wa matata likita ne ya ce iska tana da amfani ga ƙafa. Na daina ɗaukarta zuwa unguwa, na ce mai ya yi tsada, a shekarun da mai ya fi ruwan sha araha. Ta dube ni kawai. Wata rana ina dawowa daga Sundimina, rana ta take, hanya fetal ba kowa, na ɗaga ƙafa don in rage gudu saboda wani rami, motar ta ƙi jin magana. Ta ci gaba da tafiya abinta, tana ƙarawa. Na tura yatsa in ɗago totur, ya ƙi. Salatin da na yi ranar nan ban san na iya shi ba. Da ƙyar na tuna da makulli, na murɗe shi, ta yi ta gangarawa har ta shiga gonar wani bawan Allah ta kwantar da kunya uku ta dawa. Na fito na zauna a ƙasa. Abin da na fara yi bayan na dawo hayyacina shi ne duba gabas da yamma ko wani ya gani.

Washegari na ce wa ofis da majalisa an kira ni taro a Kano. Na tafi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Da na shiga garejin kamfanin, motoci irin tawa sun cika fili, sahu-sahu, ashe ba mu kaɗai ba ne masu wayo da suka makara. A sahu na biyu na hango wata mai lamba da na sani. Kusa da ita ga hedimasta a tsaye, riƙe da jakarsa. Shi ma taro ya zo. Muka gaisa, muka tambayi iyali, muka yi maganar ruwa, cewa bana kam Alhamdu lillahi. Motar haya ɗaya muka shiga muka koma Birnin Kudu, kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya ambaci abin da ya kai shi. Mako ukun da nake gudu kuma na yi su cif a kan keke, na ce wa mutane motar tana hutawa. Ba wanda ya mutu don ya gan ni. Yawancinsu ma ba su lura ba, wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Da na karɓo motar, makanikin kamfanin ya nuna mini tsohuwar wayar totur, ga inda ta tsattsage tana kama bututunta. Na dawo da niyyar in gyara abin da na ɓata. Na zaɓi ranar da Alhaji yake nan, na ɗauko takardar, na ce jama'a akwai wani wuri da ban fassara da kyau ba kwanaki. Ka ji fa, ban fassara da kyau ba. Na karanta tsakiyar duka, totur da birki.

Ban taɓa sanin na iya koyarwa ba sai ranar. Ɗalibaina suka tashi suka kare karatuna daga gare ni. Ɗan kwangila ya ce ai dole su rubuta haka, in ba su tsorata mutum ba yaya zai kai musu motarsa? Wani ya ce ko dai Malam an ba shi wani abu a Kano ne. Aka maimaita mini maganata ta ƙarfe, kalma bayan kalma, har da yadda nake ɗaga yatsa. Alhaji ya bari aka gama, sannan ya ce shi shekara talatin yana sayen dabba, daga nesa yake gane mai ciwo, ba a taɓa sayar masa da gurguwa ba. Yanzu ina so a ce a Gwaram an sayar masa da mota mai aibi, ya biya, ya yi godiya, har ya yanka rago? Ya ce tsoho ya yi kuskure, ya yafe masa, a bar maganar. Na gane a nan cewa ya fi masa sauƙi ya yafe wa Baba laifin da bai yi ba, da ya yarda an cuce shi a ciniki. Hedimasta ranar bai zo da tabarau ba, sai ya duƙufa yana gyara igiyar agogo.

Saura mutum ɗaya ke nan da ya kamata ya ji, kuma shi na fi tsoro. Na yi ta ɗagawa har aka yanke gero. Ran nan dai aiki ya kai ni Unguwar Ya, na gama da manoma da hantsi, na ajiye motar a gindin wata tsamiya nesa da gidan, na ƙarasa da ƙafa.

Na same shi a ƙofar gida yana ɗaure dami. Ya rame, tabon goshin ya yi baƙi. Ya tashi da sauri ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi Alhaji da haƙorinsa da kowa na majalisa ɗaya bayan ɗaya. Na ce Baba, takarda na kawo maka daga kamfani. Na zaro ta daga ambulan, na karanta masa tsakiyar a hankali. Ya ce in sake. Na sake. Sai ya leƙa zaure ya kira matarsa, ya ce ta tsaya daga bayan zana ta ji, na karanta a karo na uku.

Ya daɗe yana kallon ƙafarsa ta dama. Ya ce mini, Malam, ba korar ce ta dame shi ba, ba kuma sunan da aka sa masa ba. Abin da ya dame shi shi ne da aka yi ta faɗa, aka yi ta faɗa, har masu ilimi suka faɗa, sai shi ma ya fara zargin ƙafar. Yakan zauna ya tambaye ta, anya kuwa? Ya ce ko keke aka ba shi aro yanzu ba ya karɓa. Ya shafa ta kamar mai lallashin jaki, ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Daga bayan zana na ji matar tana hamdala.

Sai ya shiga sa mini albarka. Ya ce Allah ya saka, na taso takanas saboda tsoho, takarda tana zuwa ban bari ta kwana ba. Ya ɗauka sabuwa ce. Kuma ni, Allah ya gani, na buɗe tafin hannu ina cewa amin. Na ji wani sanyi a raina, na ce ashe abin zai zo da sauƙi haka, in tashi da lada a kan laifi.

Ya ce ko zan bar masa ita, ko da ba ya karatu, ya ajiye. Na mayar da ita cikin ambulan na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu. Ya juya ta. A kusurwa ga tambarin baƙin mai, ya ɗan dushe amma yana nan. Ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya ɗora babban yatsansa a kai, a hankali, ya zauna daidai.

"Wannan ai ni na ɗauko ta," ya ce. "Kafin ruwa."

Na ce haka ne, Baba.

"Na kuwa tambaye ka."

"Ka tambaye ni."

Na jira ya zage ni. Wallahi da ya zage ni da na ji daɗi, da na samu abin da zan riƙe in tafi da shi. Bai yi ba. Ya sa takardar a aljihun gaba, ya danna ta da tafin hannu. Ya ce rana tana yi, kada ya tsare ni. Na ce ya zauna, ba sai ya raka ni ba, ya ce a'a, baƙo ba ya tafiya ba rakiya. Muka taka har gindin tsamiya, ina jin ƙarar karan gero a ƙarƙashin takalmina.

Da muka isa ya riga ni kama ƙofar direba, ya buɗe, kamar yadda ya saba yi wa masu mota. Kafin in shiga ya sunkuya, ya sa hannu ya danna totur har ƙasa, ya saki. Ya dawo fit, ba shawara. Ya sake dannawa, ya sake saki. Ya miƙe yana goge hannu a rigarsa, rigar da Alhaji ya ba shi.

"Taka kam an gyara ta," ya ce.

Na shiga. Ya rufe mini ƙofar a hankali, ya koma wajen daminsa.